'Yan Shiru Sun Buɗe wa Abokina Baki, Ni Sun Ƙi

Hajiya Baiwa, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama.

Ni malamin makaranta ne a nan Matameye, ina kuma karatun mastar, wato digiri na biyu, a fannin nazarin zamantakewa a Damagaram. Ni da abokina Cha'ibu benci ɗaya muka zauna tun muna yara, yanzu kuma farfesa ɗaya ke duba mu. Bincikenmu kan sababbin ƙungiyoyin addini ne. Kuma wallahi ni na gano 'Yan Shiru, ba shi ba. Wasu 'yan ci-rani ne a wani ƙauye wajen Dawce, da suka dawo daga Najeriya da wani salon zikiri: kowace Alhamis bayan la'asar sai su zauna a zauren shugabansu, Malam Shekara, ba mai cewa uffan har magariba. A bayan babur ɗina na kai Cha'ibu garin, ko hanya bai sani ba.

Na je da na'urar naɗar murya kamar yadda aka koya mana. Alhamis uku ina naɗa. Hajiya, me na samu? Tari da kukan akuya. Na ce wannan ɓata lokaci ne, na koma bin gida-gida da takardar tambayoyi. Kowa ya ba ni ruwa, ya faɗa mini shekarunsa da garin da yake ci-rani, amma da na taɓo zikirin sai a ce sai Malam. Ashe ba sa buɗe wa mutum cikinsu sai ya yi shirun nan da su Alhamis bakwai a jere, hannu wofi. Ba wanda ya gaya mini! Cha'ibu kuwa, da ma can ba shi da baki, ya yi ta zamansa. A ta bakwai Malam Shekara ya zayyana masa komai.

Yanzu farfesa ba shi da zance sai Cha'ibu. An gayyace shi taron masana a Dakar. Ni kuwa ina nan da jadawalin gidaje arba'in da uku. Har mahaifiyata tambayata take yaushe zai hau jirgi.

To ga abin. Aikinsa ya ƙare tun damina, amma bai fasa zuwa ba. Makon jiya na bi shi, na leƙa zauren. Yana cikin sahu, ido rufe, hawaye na zuba, ba littafi ba alƙalami. Ya zama ɗayansu, Hajiya, alhali an hore mu kada mai bincike ya faɗa cikin abin da yake bincika. Na rubuta wa farfesa saƙo, yana cikin wayata, dannawa kawai ya rage. Wata mai zuwa zai kare aikinsa a gaban malaman jami'a. In na tura, ƙila a dakatar da shi, Dakar ma ta sha ruwa. Ba ilimi nake karewa ba?

Mai Na'ura, Matameye

Ɗana Mai Na'ura,

A'a, kishi kake yi, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto mini maimakon ka danna. Wannan jinkirin naka alheri ne.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Kai ka gano mutanen nan, haƙƙinka ne Cha'ibu ya rubuta haka a aikinsa, ka nema ba tare da kunya ba. In kuma da gaske ya shiga cikinsu, ya kamata mai karanta aikinsa ya san daga ina yake magana. Amma rufe ido da hawaye ka gani, ba ka ga zuciyarsa ba. Ka same shi ku biyu, ka gaya masa abin da ka gani, har da cewa bin sa ka yi. Ka ba shi shawara ya faɗa wa farfesa matsayinsa da bakinsa kafin ranar kare aikin. Saƙon nan kuwa ka goge shi yau. Ba Cha'ibu kaɗai zai taɓa ba: mutanen da suka ba ka ruwa za su shiga bakin duniya a matsayin masu janye 'ya'yan mutane.

Kada ka raina jadawalinka. Wa ke zuwa wane gari, yana da shekara nawa, Cha'ibu ba shi da wannan, kuma aikin masana ne shi ma.

Sai dai na lura da abu ɗaya. Gida arba'in da uku ka shiga, ba ka ba ni labarin ko mutum ɗaya a cikinsu ba, amma ka san ranar da Cha'ibu ya yi hawaye. Ka daɗe da barin nazarin 'Yan Shiru, abokinka kake nazari. Ƙofar da aka buɗe masa ba a rufe maka ita ba, kai ne ka tashi a ta uku. Alhamis mai zuwa ka bar na'urar a gida, ka je ka zauna, ka fara ƙirga daga ɗaya.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ku kare aikinku lafiya, ku biyun.

Hajiya Baiwa