Gogen Baba a Alhamis ta Ƙarshe

Dubai

Ƙanwata Suhad,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Baba da yara.

Za su rufe shirina na rediyo. Manaja ya ce masu sauraron rediyon tauraron ɗan'adam ba su da haƙurin kiɗan da babu waƙa, tsofaffi kaɗai ke jin gogen Turawa, su kuwa ba sa sayen komai. Alfarma ɗaya na roƙa: Alhamis ta ƙarshe in sa faifan da Baba ya kaɗa a Bagadaza kafin hannunsa ya shanye. Manajan ya ce ƙarar faifan kamar ana suyar kifi a ciki, amma ya yarda.

Baba bai taɓa jin kansa a rediyo ba. Ki sa a daidaita kwanon kan rufi, ki lallashi mai janareta kada ya ɗauke wuta da la'asar. Kada ki faɗa wa Baba.

Yayanki,
Hikmat

Mosul

Yaya Hikmat,

Muna amsawa, yara na gaishe ka.

An daidaita kwano, mai janareta ya samu tukunyar dolma, shinkafar nan da nake naɗewa a ganyen inabi. Sai ranar Laraba maƙwabcinmu Abu Sarmad ya rasu, aka kafa rumfar makoki a bakin ƙofarmu. Baba ya sa na lulluɓe akwatin rediyon da mayafi. Dole na fasa sirrinka, na faɗa masa. Sai ya ce, “Abokin shan shayina na kwance a ƙasa, matarsa ta jiyo goge daga gidana? Ba haka na rene ku ba.”

Ranar Alhamis da la'asar ya ja kujera gaban akwatin a lulluɓe. Yatsun hannunsa mai lafiya suna ta motsi a kan gwiwarsa har aka kira magariba.

Ya ce ko za ka sake sawa bayan arba'in?

Allah ya tsare,
Suhad

Dubai

Suhad,

Na gaishe ku. Allah ya jiƙan Abu Sarmad.

Baba ya yi daidai, abin da ke cina ke nan. Na sa faifan. Wani direban babbar mota ya bugo daga Aljeriya yana tambayar sunan makaɗin. Ki faɗa wa Baba wannan.

Tashar ta koma ta ƙwallo tun Asabar. Zancen bayan arba'in, ki ce ina ƙoƙari.

Sai wani jiƙon,
Hikmat