Fuskar Inna da Mudassir Ya Wanke

Tiga, Bebeji.

Zuwa ga Yaya Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Kalaba, kai da Anti Rabi da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya jiƙan Inna. Mu nan lafiya lau, ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana fita bakin dam. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, ni kuwa raina a ɓace yake.

Maganar bidiyon Inna ce, wanda na ɗauka tana soya kifi a rumfarta kafin ta kwanta ciwo. Da ka zo ta'aziyya na zuba maka shi a kwamfutarka, ka kalla ka ce ya koɗe kamar an barbaɗa masa toka, wai abin da nake koya a makarantar fim ke nan. Na yi maka bayani ba ka saurara ba. Da gangan kyamarar makaranta take ɗauka a koɗe, don ta adana haske da inuwa duka, daga baya mai gyaran launi ya zauna ya mayar wa kowane abu kalarsa. Malaminmu kullum cewa yake daga fatar mutum ake farawa, in ta ɓaci komai ya ɓaci. Shi ya sa na ƙi taɓa hoton Inna sai hannuna ya faɗa. Na ajiye katin kyamarar da bidiyon ke ciki a akwatinta, na koma Kano ina gwaji da fuskokin ƴan ajinmu, yau su fito kore, gobe ja, suna yi mini dariya ina haƙuri.

Kai kuwa ka ga na cika nawa. Ka kira Baba ka ce a ba Mudassir na Kawu Gwadabe katin, tunda shi ne gwanin bidiyon biki a Kwanar Dangora. Yaya, Mudassir gyara ɗaya ya iya a duniya, wato ya mayar da amarya fara. Shi ya yi wa Inna. Ya haske ta, ya goge fuskar sumul har zanen kumatunta ya ɓace, kifin ma ya koma ruwan hoda. Da na je na same shi ko kunya bai ji ba, ya ce haka mutane suke so, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki don ya yi fari. Na ce ya ba ni katina, ya ce ai ya share wancan koɗaɗɗen ya ɗauki wani biki a Kiru da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kai ka tura wa dangi wannan da ya gyara, har da cewa ga Inna ta fito fes. Inna baƙa ce, Yaya, baƙa mai sheƙi, kuma ba ta taɓa neman a rage mata ba. Da aka nuna wa Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wayar ya ce muryar dai tata ce.

Yanzu na asalin bai rage ko'ina ba sai wanda ke kwamfutarka. Don Allah kada ka share, kada ka turo ta waya don matse shi za ta yi. Ka zuba a kati ka ba amintaccen mai zuwa gida. Na iya aikin yanzu, zan dawo da ita yadda take. In kuwa ka riga ka share, ka faɗa mini gaskiya. Amma ka sani ƴarka Zahra'u ba ta yi wayo da Inna ba, kuma duk ranar da ta ce a nuna mata kakarta, wata farar mata za ka nuna mata.

Ka gaida Anti Rabi da Zahra'u da Isa. Baba da Mubaraka suna gaishe ku.

Ƙanwarka da ke jiran amsa,
Bahijja