Lahadi Shida da Na Bar Muku a Bencin Baya

Ni, Senanu Dzikunu, tsohon malamin makaranta, magatakardan Cocin Buɗaɗɗiyar Ƙofa na shekara goma sha tara, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, da hantsi, a gindin kwakwar da ke bayan gida, hankalina kuma a jikina yake sarai. Na san ana raɗa a coci cewa ciwon ya taɓa mini kai. Hanta ce ta lalace, kaina lafiya lau. Likita ya nuna mini hotonta, ya ce in shirya al'amurana, wanda shi ne yadda likitoci ke yi wa mutum sallama. Shekarata hamsin da takwas. Na so a ƙara mini, amma ba a nemi shawarata ba.

Zuwa gare ku, 'ya'yana: Elikplim, Sedinam da Edudzi. A karanta wannan takarda ku ukun kuna zaune. Idan biyu ne suka zo, a ninke ta a jira na ukun.

Na ɗaya. Gidan nan na ku uku ne, ba a sayarwa, ba a raba shi da katanga. Ɗakin da ke kallon tafki na Edudzi ne. Elikplim, na ga ka cika shi da kujerun roba na coci tun da ƙaninka ya bar gari. Ka kwashe su.

Na biyu. Gonar albasa ta Sedinam ce, don ita kaɗai ta san lokacin da ake ba ta ruwa. Gonar kwakwa ta Elikplim. Kwalekwalen da injinsa na Edudzi, shi da ya iya gyaran inji. Ban ɗaura wa kowa sharaɗi a kan rabonsa ba. Abin da zan roƙe ku a ƙasa, ba na son in saye shi da kwakwa.

Na uku. Littattafaina ku raba yadda kuka ga dama, na san gara ce za ta fi ku karanta su. Sai dai guda ɗaya, ɗan ƙaramin littafi mai bangon kwali da ke cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Rubutun hannun Togbi Agbenyega ne, kafintan da ya kafa cocinmu. Shi da gidaje goma sha biyu suka baro babban coci saboda a can ana jera mutane a kan kujeru gwargwadon sarautarsu. Ya sassaƙa bencunan cocin da hannunsa, ya rubuta ƙa'ida biyar, ya ce bayan imani da Yesu Almasihu wanda ya mutu domin masu zunubi, waɗannan biyar su ne cocin. Ga su, tun da yanzu ba a karanta su sai an rage musu tsawo.

Ƙofar ɗakin Allah ba ta da makulli. Ba a rubuta sunan kowa a kan wurin zama. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa ba ya miƙa hannu ga jibin Ubangiji sai ya je ya gaishe shi. Mai kuɗi da talaka, akwatin gawarsu iri ɗaya, kuma a binne su cikin mako. Ta biyar tana buƙatar lambarta ita kaɗai, zan zo kanta.

Yanzu ku je ku duba. Buɗaɗɗiyar Ƙofa tana da ƙyauren ƙarfe da kwaɗo biyu, saboda kada a sace lasifika. Mun sayi abin da zai kai muryarmu har bakin teku, sannan mun kulle ƙofa kada wanda ya ji muryar ya shigo a lokacin da ba mu shirya ba. A gaba an jera kujeru shida masu laushi. Gaskiya ba a rubuta sunan kowa a kansu ba, mun kiyaye ƙa'ida, sai dai ka gwada zama a ɗaya ka ga yadda masu tsaron ƙofa za su ɗaga ka kamar buhun gishiri. Bara wani attajiri ya yi wata biyar a ɗakin sanyi na asibiti yana jiran a gama yi wa gidansa fenti. Ranar jibin Ubangiji kuwa, na sha ganin dattawa biyu da suka yi shekara ba su gaisa ba suna sha daga ƙoƙo ɗaya, kowa ya runtse ido, wai addu'a yake yi. Duk wannan ina zaune a gaba da biro, ina rubuta cewa taro ya tashi lafiya.

Littafin nan na Elikplim ne. Kai ne dattijon coci yanzu, mafi ƙuruciya a cikinsu, kuma kana son a sani. To ka riƙe abin da dattijantakar ta tsaya a kansa.

Na huɗu. Ƙa'ida ta biyar, da abin da na yi.

Kun san bencin baya, ɗan gajeren nan da ke jikin ƙofa, inda ake zaunar da wanda aka sa a ƙarƙashin horo. Yara na cewa katako ne ya ƙare wa Togbi shi ya sa ya gajarta. Katako bai ƙare masa ba. Ya auna shi ne daidai mutum biyu. Ga abin da ya rubuta: wanda ya faɗi ya zauna a bencin baya wata shida, dattijo kuma ya zauna kusa da shi kowace Lahadi, har ya tashi.

Shekara takwas ke nan da kakarku Mama Sokpo ta rasu. Ba ta taɓa taka coci ba, ta mutu a kan addinin iyayenta. Amma ita ce ta ɗauki Edudzi yana ɗan shekara huɗu lokacin da uwarku ta rasu, ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ni ina makaranta ina koya wa 'ya'yan wasu tarihin ƙasashen da ban taɓa gani ba. Ranar jana'izarta danginta suka kafa kiɗan agbadza, babban makaɗinsu ya tsufa ya gaza, Edudzi ya karɓi gangar ya kaɗa wa kakarsa har rana ta faɗi. Shi ne kuma makaɗin cocinmu a lokacin.

Elikplim, kai ka kai ƙara. Ba na faɗa don in tona maka asiri, gari duka ya sani. Na tuna zaman dattawa kamar yau. Shugabansu, Efo Kpodo, ya buga tebur ya ce, "Hannun da ya kaɗa wa gunki ba zai kaɗa wa Yesu ba sai an wanke shi!" Edudzi ya ce, "Efo, hannun da ya tuƙa mini tuwon akple shekara ashirin shi ma na gunki ne. Me ya sa ba ku hana ni ci ba?" Nan take aka ƙara masa da laifin rashin kunya.

Ban ce ba shi da abin tambaya a kansa ba. An zuba wa ƙasa giya a wurin, an kira sunayen da mu ba ma kira, coci yana da ikon ya ce wa ɗansa zo mu yi magana. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ranar Lahadi, da fasto ya tashi ya karanta hukuncin. Ya karanta har zuwa "wata shida", sai ya rufe takarda. Ragowar jimlar tana cikin jakata, a kan cinyata. Na haddace ta. Ni da nake gyara wa fasto lafazi a tsakiyar wa'azi, ni da na taɓa tsayar da taro awa guda a kan inda ya kamata a sa waƙafi, ranar nan ban ce uffan ba. Na ji tsoro kada a ce magatakarda yana son ɗansa.

Edudzi ya zauna shi kaɗai Lahadi goma sha ɗaya. Yana zuwa da farar rigarsa, ya matsa gefe ɗaya, ya bar rabin benci. A lokacin na ɗauka ladabi ne. Daga baya na tuna ni na karanta masa littafin Togbi yana yaro. Wuri yake bar mini. Lahadi ta goma sha biyu bencin ya wayi gari ba kowa, shi kuma ya koma garin Aflao da zama.

Sau ɗaya na bi shi can. Na same shi ya kwance wani inji, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗago ya kira ni baba da harshenmu, ya ce, "Fofo, ka zo da biron rubuta laifi ne, ko ruwa za ka sha?" Na sha ruwan. Muka yi awa biyu muna maganar inji, ni da ban san gaban inji da bayansa ba, na hau mota na dawo da maganata a cikina. To ga ta yanzu, Edudzi. Na yi maka laifi. Coci ya karanta rabin ƙa'ida, ubanka ya ɓoye ɗaya rabin. Ka gafarta mini idan za ka iya. Idan ba za ka iya yanzu ba, kwalekwalen dai naka ne.

Na biyar. Wata shida Lahadi ashirin da shida ne. Edudzi ya yi goma sha ɗaya, saura goma sha biyar. Tun da likita ya yi mini sallama na ajiye biro na koma bencin baya, ina zama a gefe ɗaya, ina barin rabi. Daga nan aka fara cewa kaina ya taɓu. Efo Kpodo ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, wane zunubi ka yi da ba mu sani ba?" Na ce, "Efo, zauna in faɗa maka, wurin na mutum biyu ne." Ya wuce kamar bencin na cizo. Mutum ɗaya ce ta gane, Daavi Lumosi, 'yar Togbi, wadda ta haura tamanin. Ta zungure ni da sandarta ta ce, "Senanu, sai yanzu ka iya karatu? Da ubana yana nan da ya maƙe ka da guduma." Sannan ta miƙo mini lemo.

Na yi tara. Ƙafafuna sun kumbura, ba za su sake kai ni ba. Saura shida, kuma su ne gadon da na fi damuwa da shi. Elikplim, uku naka. Ka je Aflao da ƙafarka, ban ce ka aika saƙo ta waya ba, ka gaishe da ƙaninka, ka ce masa za ka zauna a bencin ranar kaza. Idan ya zo, ka zauna kusa da shi. Idan bai zo ba, ka zauna ka bar masa wuri, ka ɗanɗana yadda bayan kawunan mutane yake. Kafin ka yi wannan kada ka taɓa ƙoƙon jibi, ƙa'ida ta uku ce, ba ni na ƙirƙire ta ba. Kuma ranar farko ka tashi ka karanta ƙa'ida ta biyar a gaban jama'a, har ƙarshenta. Na san yana iya jawo maka asarar kujerarka mai laushi. Na riƙe tawa shekara takwas, ga abin da na saya da ita.

Sedinam, uku naki. Na san kina kai wa Edudzi soyayyen kifi da albasa duk ƙarshen wata kina cewa kasuwa za ki. Allah ya saka miki. Amma kin yi alherin a ɓoye kamar mai sata, ranar Lahadi kuma kina gaba da zumuntar mata kina rera waƙa. Ƙa'idar ta ce dattijo, ban ga inda ta hana 'yar'uwa ba, kuma na karanta ta fiye da kowa.

Na shida. Jana'izata. A binne ni cikin mako, a akwatin katako irin na kowa. Ba na son a buga fuskata a kan riguna, ban yi kyan da za a yi yawo da ni a ƙirji ba. Kada a ce a wa'azi ni ginshiƙin coci ne. Ginshiƙi yana tsaye ne kawai ba ya magana, kuma na gaji da kama da shi. A ajiye akwatina a baya, jikin ƙofa, a buɗe ƙyauren nan gaba ɗaya. Edudzi ne zai kaɗa mini ganga, idan ya yarda. Wanda ya ce hannunsa bai wanku ba, a nuna masa shafi na biyu na littafin, a tambaye shi Lahadi nawa ya zauna.

Na bakwai. Kada ku bar cocin saboda fushina. Ina fushi ne don abin da Togbi ya rubuta gaskiya ne, mu ne muka gajarta shi. A cocin nan aka yi muku baftisma, matan cocin ne suka ciyar da mu wata uku da uwarku ta rasu, ba su bar tukunyarmu ta huce ba. Mutanen da suka iya wannan za su iya zama kusa da wanda ya faɗi, idan wani ya riga su.

Ubangiji ya albarkace ku, ya albarkaci 'ya'yanku da gonakinku da ruwan da kuke shiga. Ya ba Elikplim zuciya mai laushi fiye da kujerarsa, ya ba Sedinam ƙarfin yin alheri da rana tsaka, ya sanyaya wa Edudzi abin da ubansa ya ƙona. Ku riƙe juna, kada wani cikinku ya sake zama shi kaɗai mutane suna kallo.

Lahadi ta ƙarshe, ta shida, ina so ku zauna ku duka. Na san Togbi ya auna bencin don mutum biyu. Na je da igiyar awo na gwada. Idan Elikplim ya ɗan janye tumbinsa, zai ɗauki uku.

Ubanku,
Senanu Dzikunu