Masu Dawowa

Daren Laraba, Magarya

Na dawo daga Yekuwa a gajiye, amma barci ya ƙi zuwa. Malam Habu nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa.

Lokacin da yake riƙe da kamfaninmu na sayar da sola, duk gidan da muka kafa wa sola sai mun koma ba a kira mu ba. Mu goge faranti, mu duba batir, mu sha furar masu gida. Har mutanen ƙauye suka sa mana suna "masu dawowa". Sabon shugaba ya hana, wai ɓarnar mai ce, a riƙa buga waya daga ofis.

Yau na tarar Baba Isufu, wanda ya fara amincewa da mu a garin, ya sa wa ɗansa solar 'yan kasuwa. Na ce, "Baba, ai tamu ta fi ƙarko."

Ya ce, "Ɗana, saboda dawowarku nake saye wurinku. Yanzu me ya raba ku da su?"

Duk da haka ya sa aka kawo mini fura, kamar dā. Wallahi da kunya na sha ta.