Ƙotar Wuƙar Bahaguwa

Ku masu leƙen wasiƙar mutane, ga kacici-kacici kafin ku zauna: ba shi da ido, ba shi da baki, amma ya fi 'ya'yan cikina sanin hannuna. Mene ne?

Zuwa ga Malam, maigidana, maƙerin unguwarmu, wanda ya riga mu tafiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina sanar da kai muna nan lafiya. Ruwan kanal ɗin da muke noman rani da shi bai yanke ba, tumatir kuwa bana ya yi har ya ba mutane haushi. Motocin Kudu sun ɗiba sun gaji, sauran sai yanka da shanya.

Autanka yana riƙe da maƙera, sai dai ya bar dukan tsohon ƙarfen mota irin naka. Yanzu ruwan wuƙa na zubi yake sarowa daga Kano, baƙi ƙirin, ba kaifi ba ƙota. Ya goge a inji, ya wasa, ya sa musu ƙota iri ɗaya kamar 'yan makaranta a layi. Suna da kyau, ban hana ba. Amma ya manta uwarsa bahaguwa ce, kuma sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu.

Ya ba ni guda. Ranar farko a wurin yanka ta zame, ta tsaga min babban yatsa. Jinin bai kai cokali ba, amma da ka ga taron da 'ya'yanka suka yi a kaina, sai ka ce rijiya na faɗa. Suka yanke hukunci wai na daina fita.

Malam, ka san ba tumatir ke kai ni gindin mangwaron nan da muke yanka ba. Can nake jin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, can nake tsokanar Hajiya Kande har ta jefe ni da ruɓaɓɓe. Tun da ka tafi, nan ne kawai ake jin dariyata. In aka zaunar da ni a ɗaki, to a haƙa min kusa da kai.

Sai na tuna sabon aurenmu, ranar da ka kawo curin laka ka ce in damƙa da hagu. Na zaci sammu za ka yi min, na ce ai ka makara, na riga na shigo. Ka shanya lakar, ka sassaƙa ƙotar wuƙa da icen ƙirya daidai da shatin yatsuna. Kakan ce ƙarfe na kowa ne, ƙota ce ta mutum ɗaya. Wuƙar nan sai da ta siranta kamar tsinke kafin ta karye.

Na je akwatin kayan aikinka, na tarar da curin a ƙasa, a naɗe cikin tsohon ɗankwalina. Ashe ɓarawon ɗankwalin da na yi ta zargin ƙanwarka a kai, kai ne! Na sa hannu a shatin, ya ƙi shiga. Hannun yarinya ne, siriri, miƙaƙƙe. Na daɗe a zaune ina kallonsa.

Da na gama, na tura Auta bakin kanal ya ɗebo sabuwar laka. Na damƙa, ya shanya. Ya sassaƙa ƙirya yana gwadawa, ya gasa wutsiyar ƙarfen har ta yi ja, ya cusa, hayaƙi ya tashi da ƙamshin da na sani. Ya karkata kaifin ta ɓangaren bahago. Yana aiki yana cije leɓe, sak kai.

Ƙotar ta fito a karkace, mummuna, kamar mai ita. Ta zauna a hannuna daram. Jiya na riga Kande cika kwando, har yanzu ba ta gaishe ni ba.

Curin biyu suna naɗe tare, na amaryarka da na tsohuwar da ba ka tsaya ka gani ba. Ba ka yi asarar komai ba, haƙora ma sun tafi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya maka fiye da inuwar mangwaron nan, Ya haɗa mu a inda hannu ba ya ciwo. Amin.

Taka har gobe,
Bahaguwa.

Ku kuma masu leƙe, amsar ita ce curin laka daga bakin kanal.