'Yata Ta Daina Kuka, Za a Kai Ta Majalisa a Yi Shaida da Ita

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan wasiƙar ta zo miki a hargitse, raina ne a ɓace. Kada ki sa sunana.

Ni mai reno ce. Ina aiki a gidan renon yara na yayar mijina, wadda duk muke kira Yaya. Ɗaki uku ne da tsakar gida: ɗaya ofishinta, ɗaya na masu tatata da guje-guje, ɗaya na jarirai da masu rarrafe. Na ƙarshen nan shi ne nawa, kuma ni kaɗai ce a cikinsa da yara goma sha ɗaya. Akwai wata mai wanki da aka ce tana taimaka mini, amma igiyar shanya ta fi ni ganinta.

Cikin yaran har da 'yata ta fari, ba ta kai shekara ba. Ranar da na koma aiki bayan haihuwa Yaya ta ce in riƙa zuwa da ita, ba sai na biya ba, amma da sharaɗi ɗaya: 'ya'yan mutane tukuna, kada wata uwa ta shigo ta tarar ina riƙe da tawa nata yana kuka. Na ga maganar gaskiya ce, na amince, har godiya na yi.

Anti, hannu biyu Allah ya ba ni. Yaro ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ƙafata tana jijjiga na uku, na huɗu na naɗe tawul na tokare masa fidar madara a baki, duk da na san bai kamata ba. Wannan ya yi tumbuɗi, wancan ya ɓata kunzugu, wata ta kama gashin wata. A ɗakin nan ba wanda ya riga jin yunwa ake fara ɗauka ba, wanda ya fi ƙarfin maƙogwaro ne. Akwai wani ɗan lukuti da idan ya buɗe baki har masu shago a bakin titi sun san ya tashi, shi kam bai taɓa jira ba. Daga shi sai wanda uwarsa ke kwance kunzugu ta duba a gabana kullum yamma. 'Yata ita ce ta ƙarshe a layi, kuma layin ba ya ƙarewa.

Katifarta tana lungu, bayan ƙofa. Da fari tana kuka kamar kowane yaro, har muryarta ta dishe, ni kuma ina daga nesa ina ce mata ina zuwa. Kafin in zo ta gaji ta yi barci. A hankali kukan ya riƙa gajarta, sannan ya ɗauke. Yanzu idan ta farka sai ta sa yatsu biyu a baki ta zuba wa fanka ido. Ko ta jiƙe, ko tana jin yunwa, sai dai in na duba in gani. Makon jiya ta kama ƙafar gado za ta miƙe, ta zame, leɓenta ya fashe har da jini. Ta kalle ni, Anti, ina tsaye da ɗan mutane a hannu, sai ta juya fuska ta mayar da yatsunta baki. Da ta tsala ihu da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa yaba ta yake. Iyayen yara suna ce mata 'Yar Shiru, suna cewa ina ma nasu haka yake. Surukata ta ce haƙurin danginsu ta gado. Danginsu! Mutanen da idan suna gardamar wa zai kashe fanka sai maƙwabta sun leƙo. Ni na san inda shirun nan ya fito, a gabana aka ƙera shi, da hannuna.

To ga abin da ya sa na rubuto. Majalisar jiharmu ta kawo ƙudirin doka kan gidajen reno. An ce mai reno ɗaya ba za ta wuce jarirai huɗu ba, kowane jariri da gadonsa, ba a tokara wa yaro fida, sai an yi mana horo, masu duba gidaje za su riƙa zuwa ba sanarwa, har faɗin ɗaki da girman taga an ƙayyade. Tun da Yaya ta ji ta rasa sukuni. Ita da sauran masu gidajen reno sun haɗa ƙungiya, sun buga riguna, za su je zaman jin ra'ayin jama'a mako mai zuwa su ce ba su yarda ba. Ni aka zaɓa in yi magana a madadin ma'aikata, in ce aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kuma an ce in tafi da 'yata, domin ita ce ba za ta yi kuka a zauren ba, a ɗaga ta a nuna wa 'yan majalisa yadda yaran gidajenmu suke da natsuwa.

Har gwaji aka yi. Yaya ta ɗauke ta zuwa taron ƙungiyarsu, aka riƙa miƙa ta daga hannu zuwa hannu, mata baƙi da ba ta taɓa gani ba, ko uffan ba ta ce ba. Suka tafa. Yaya ta dawo tana ba ni labari bakinta har kunne, ni kuma na shige banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Na gaya wa mijina ba zan iya ba. Ya ce Yaya ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ita ta tsaya masa har ya zama mutum, ita ta ba ni aiki, magana ce ta 'yan mintoci, kada in mayar da shi butulu a idon dangi. Da na ce masa ya dubi yarinyar da kyau, sai ya ce mutane suna roƙon Allah ya ba su yaro marar rigima, ni an ba ni ina neman abin kuka. Shi da ke ganinta bayan an yi mata wanka an shafa mata hoda, me ya sani?

Kada ki ɗauka 'yan majalisar sun burge ni. Su ma haushinsu nake ji. Na tabbata cikin waɗanda suka rubuta girman taga babu wanda ya taɓa wanke fo na kashin yara. Sun faɗi abin da za a hana, ba su faɗi inda mai sayar da kayan miya za ta kai ɗanta ba idan aka rufe mu, ko tela, ko ma'aikaciyar asibitin da ke ajiye mana tagwayenta da sassafe tana gudu. Yaya ta ce idan dokar ta wuce, ko ta rufe gidan, ko ta rage yara ta bar na masu hali, kuma ban buƙatar a gaya mini wace yarinya za a fara ragewa. Na san ba ƙarya take ba. Ba muguwa ba ce, akwai iyayen da take ɗaga wa ƙafa ba wanda ya sani. Amma ta daɗe ba ta wuni a ɗakin nan ba.

Ina jin haushin Yaya, ina jin na mijina, ina jin na masu doka, amma wallahi na kaina ya fi. In je in faɗi abin da aka ce in faɗa? In ƙi zuwa? Ko in je in fasa ƙwai a gaban kowa, aikin da zumuncin duk su tafi? Ki gaya mini, kaina ya ƙulle.

Taki,
Uwar 'Yar Shiru

*

Ƙanwata,

Fushinki yana kan hanya, kada ki bari a ce miki neman rigima kike. Amma bari mu raba abubuwan, don kin haɗa majalisa da Yaya da miji da 'ya a tukunya ɗaya, ba mai iya ɗaukar wannan a ka.

Yarinyar ce farko. Kafin zaman majalisa, kafin komai, ki kai ta asibitin yara a duba ta, har da kunnenta. Ki gaya wa likita abin da kika gaya mini, har zancen leɓen, kada ki rage don kunya. Akwai yaran da halittarsu ce sanyi, akwai masu matsalar ji, akwai kuma waɗanda suka gaji da kira. Ni daga nan ba zan san wanne ba ne, ke ma kada ki yanke wa kanki hukunci tun ba a duba ba. Ki tafi da mijinki, ya ji da kunnensa. Abin da ya ƙi ji daga bakinki zai ji shi daga bakin mai farar riga, haka mazanmu suke. Kuma ko da abin da kike tsoro ne, yarinyar da ba ta kai shekara ba ba ta wuce gyara ba. Daga gobe ki daina jiran kukanta. Ki fito da katifar nan daga bayan ƙofa. Wanda kike goyawa a baya ya zama ita ce, tun da dole wani ya hau bayan. Idan ta farka ki je, ko ba ta kira ba.

Na biyu, ba za a ɗaga ta a zauren nan ba. Wannan ba abin shawara ba ne, ke ce uwa, kin ce a'a, magana ta ƙare. Ke ma kada ki tsaya gaban jama'a ki ce aikin bai fi ƙarfinki ba. Idan aka yi watsi da dokar da shaidarki, duk mai renon da aka bari da yara goma ita kaɗai da bakinki aka bar ta.

Amma fasa ƙwai a bainar jama'a ma ban goyi baya ba. Matar nan ta buɗe miki ƙofa, kuma tsoronta na gaskiya ne. Sharaɗin da ta kafa miki ba don ta cuci 'yar ƙaninta ta kafa shi ba, ba ta hango inda zai kai ba ne, kamar yadda ke ma ba ki hango ba ranar da kika yi godiya. Ki same ta ku biyu a ofis, tun kafin ranar. Kada ki fara da doka, ki fara da leɓen. Sannan ki roƙe ta abu ɗaya: ta wuni a ɗakinki ita kaɗai, daga safe zuwa yamma, ke ki zauna mata a ofis. Idan ta ƙi, ta ba ki amsa. Idan ta yarda, ba sai kin ƙara bayani ba.

Game da dokar, kin fi su duka abin faɗa, don kin ga gaskiyar kowane ɓangare. Iyakance yawan jarirai daidai ne. Rufe gidajen da talaka ke iya kai ɗansa ba tare da an tanadi wani wuri ba kuskure ne. Ki ce wa Yaya a shirye kike ki tsaya tare da ƙungiyarsu idan roƙonsu ya zama a ba da lokaci, a taimaka da horo da ɗaukar ma'aikata, a sassauta zancen taga, amma a bar adadin. Wannan roƙon ya fi kusa da a saurare shi fiye da ihun ba mu yarda ba. Idan ba ta amince ba, ki rubuta ra'ayinki ki aika wa kwamitin ba tare da sunan gidan ba, ki zauna a ɗakinki ranar.

Ba zan ɓoye miki ba, kina iya rasa aikin, kuma za a yi ta gutsiri-tsoma da ke a dangi na ɗan lokaci. Ki fara cigiya a wasu wurare tun yanzu, matar da ta riƙe ɗaki irin naki ba za ta rasa mai nemanta ba. Aiki ana sake samu, zumunci ana gyarawa, amma watannin nan na 'yarki ba za a maimaita mata su ba. Ki kuma sassauta wa kanki, an ba mutum ɗaya aikin mutum uku ne.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita ki da Yaya. Ina yi miki addu'ar da ban taɓa yi wa wata uwa a filin nan ba: Allah ya sa nan ba da jimawa ba yarinyar nan ta cika miki gida da kuka, ke kuma ki ajiye duk abin da ke hannunki ki je.

Antinku