Abin da Kezia Ke Binnewa a Shinkafa

Birnin Kebbi,
Laraba.

Zuwa ga uwargidana Balaraba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Na iso lafiya daga Argungu, kuma na ga jikanmu. Balaraba, hancina ne sak! Da ɗanmu Abdulmuhaimin ya aza mini shi a cinya, sai na fashe da dariya.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Tun da matarsa Hamida ta haihu ba ta cin abinci, ko ƙanshin miya ta ji sai amai. Nono bai kawo sosai ba, yaro sai kuka. Abu ɗaya take karɓa, shi ma daga hannun maƙwabciyarsu Kezia, matar Matiyu, wanda aka taɓa turawa Japan koyon noman shinkafa. Wai can ya gano shi.

Na hange ta a tsakar gida tana haɗawa. Takan jiƙa hannu, ta shafa gishiri, ta ɗebi dafaffiyar shinkafa, ta cusa wani abu a tsakiya, ta dunƙule da kusurwa uku, ta manna masa wani baƙin abu kamar takarda. Ke kin taɓa ganin tuwo da siffar laya? Kuma ba miya! Abin arziki ai a fili ake zuba shi, ba a binne shi.

Kunyar surukuta ta hana ni tambayar Hamida, ɗanki kuwa dariya kawai yake yi mini. Ga kyafaffen kifin da na kawo yana ta raguwa a kwando, alhali ban ga an yi miyarsa ba. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

Naki,
Maigandi.

Birnin Kebbi,
Lahadi.

Balaraba,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Da fatan kumburin ya saɓe.

Shekaranjiya na sa Abdulmuhaimin ya hana shigo da abin nan. Hamida ta wuni ba ta sa komai a baki ba, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Raina ya ɓaci, amma na dake.

Jiya da hantsi sai ga Kezia a zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni tana ce mini Baba, ta ajiye farantin abin nan a gabana, ta fita. Na yi addu'a, na sa wuƙa na tsaga ɗaya. Kifina ne, Balaraba! Tarwaɗar da na kyafe da hannuna, an zare ƙayar tas an marmashe ta. Ashe Hamida ce ke ba Kezia kifin, don shinkafar na rufe ƙarnin, sai ta iya haɗiyewa. Baƙin abin kuma wai ganye ne daga teku. Shi dai na ɓamɓare na ajiye gefe, ban yarda da shi ba har yanzu.

Na ɗauki farantin da kaina na kai ƙofar ɗakin Hamida, na yi gyaran murya, na juyo da sauri. Da aka fito da shi babu saura. Yau ina rubuta miki yaro yana barci a cinyata, cikinsa taf.

Ki buɗe babban kwandon kifin da na hana a taɓa, ki aiko da rabi ta hannun Hammadu direba. Ki ware manya biyu daban, na gidan Matiyu ne.

Naki har kullum,
Maigandi.